Shekara 27, ya kai niƙa inji shi kaɗai: yadda ake riƙon babban ɗa mai jinkirin fahimta

 A filinmu na gaishe-gaishe mun saba da barkar aure, barkar suna, barkar dawowa daga Makka, ko ta yaron da ya ci jarrabawar BEPC. To a makon da ya wuce wata dattijuwa ta kira mu daga wani ƙauye, ta ce a yi wa ɗanta barka a rediyo, don yana kusa da ita yana saurare. Na ce, Inna, aure ya yi ne? Ta ce a'a. Niƙa ya kai inji shi kaɗai, ya biya kuɗi, ya komo gida da gari da canjinsa daidai. Shekarunsa 27 a duniya, kuma ranar ce karon farko.

Mun yi masa barka da sunansa, mun sa masa kiɗa. Bayan an rufe filin, salula ba ta huta ba. Wasu sun ɗauka raha ce. Amma mafi yawan waɗanda suka kira iyaye ne masu irin wannan ɗa ko ɗiya a cikin gida, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: wanda ya riga ya girma yana iya koyon wani abu kuwa? Ta ina za a fara? Kuma idan na mutu, wa zai riƙe shi? Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu yi bayani filla-filla.

Mi ke kawo jinkirin fahimta?

A ƙauyukanmu, idan yaro ya daɗe bai zauna ba, bai yi tafiya ba, bai yi magana ba, sai ka ji ana cewa ɗan ruwa ne, ko aljanu sun musanya shi, ko kishiya ta yi wa uwar asiri. Sau da yawa laifin kan uwa yake ƙarewa. Likitoci kuwa sun san dalilai da dama, kuma babu laifin uwa a cikinsu.

Akwai wanda ake haihuwa da shi. Misali larurar da likitocinmu ke kira trizomi 21, wadda wasu ke sakawa cikin abin da ake ce wa galahanga. A cikin kowace ƙwayar halittar ɗan Adam akwai ƙullin gado 46, rabi daga uba, rabi daga uwa. Mai wannan larura yana da 47, don ƙulli na 21 ya zo guda uku a maimakon biyu. A Faransa aka gano hakan a 1959. Ana samun ta a kowace ƙabila, gidan mai kuɗi da gidan talaka, kusan jariri ɗaya cikin dubu.

Akwai kuma wanda ke samuwa wajen haihuwa ko bayanta. Doguwar naƙuda kan hana ƙwaƙwalwar jariri samun iska. Shawarar jarirai idan ta yi tsanani ba a kai likita ba tana taɓa ƙwaƙwalwa. Haka sanƙarau, wanda ƙasarmu ta daɗe tana fama da shi lokacin zafi, da masassarar cizon sauro mai sa suma, da tamowa mai tsanani, da rashin sinadarin iyod a jikin mai ciki, wanda shi ne kuma ke kawo maƙoƙo. Shi ya sa kullum muke nanata awon ciki, haihuwa a likita, rigakafi da gidan sauro.

Jinkirin fahimta daban yake da taɓin hankali, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko zama wuri ɗaya. Babu allura ko rubutun da ke cire shi gaba ɗaya. Duk wanda ya ce ku sayar da tunkiya ku kawo kuɗi zai mayar da ɗanku kamar kowa cikin kwana bakwai, tunkiyar yake so. Abin da ke canza rayuwar mai wannan larura shi ne koyarwa, kula da lafiya, da mutuntawa.

Babba ma yana koyo

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, fara koyarwa tun yaro yana ƙarami ya fi sauƙi. Amma wannan karin magana ya sa iyaye da yawa sun naɗe tabarma da wuri. Da ɗan ya kai shekara 15 ko 20, sai a ce shi ke nan, haka Allah ya yi shi, a bar shi a zaure ko gindin icce daga safe har magariba.

Mutum ba icce ba ne. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da koyo muddin ana raye. Dubi tsofaffinmu da suka koyi aika saƙon murya ta WhatsApp bayan sun haura 60. Mai jinkirin fahimta shi ma yana koyo, sai dai abin da wani zai kama a kwana uku, shi yana iya ɗaukar wata uku ko shekara. Kuma sau da yawa abin da ya hana shi iyawa, ba a taɓa barinsa ya gwada ba ne. Uwa saboda tausayi, ko saboda aiki ya yi mata yawa, sai ta ga ya fi sauri ta sa masa riga da kanta. Shekara 20 tana sa masa, shi kuma shekara 20 bai koya ba.

Mizanin da za a auna shi da shi, shi ne jiyansa. Idan kika dubi sa'anninsa da suka yi aure suka haihu, zuciyarki ce za ta karye. Idan kika dubi inda yake bara da inda yake bana, za ki ga tafiya. Kuma matakin kowa daban: wani zai kai ga yin sana'a, wani iyakarsa ya riƙe ludayi ya sha fura da hannunsa, ko ya nuna da alama cewa yana son zagayawa. Duka biyun ci gaba ne.

Yadda ake koyarwa

Mun sake kiran dattijuwar nan don ta faɗa mana yadda ta yi. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma dabarar da ta bi ita ce wadda masu horon naƙasassu ke koyarwa.

Na farko, abu ɗaya ta zaɓa. Ba ta haɗa masa wanka, kuɗi da kiwo a lokaci guda ba. Ta lura yana son ƙarar inji, kullum yana tsayawa kallo, sai ta fara daga nan.

Na biyu, ta gutsuttsura aikin. Kai niƙa a wurinmu aiki ɗaya ne, amma a wurinsa aiki ne wajen bakwai: ɗaukar kwano, bin hanya, yin sallama, jiran layi, miƙa hatsi, biyan kuɗi, komowa ba tare da zubarwa ba.

Na uku, daga ƙarshe ta fara. Da farko ita ke yin komai, shi kuwa idan sun iso ƙofar gida sai ta ɗora masa kwanon ya shiga da shi. Kowa ya ga shi ne ya kawo gari, aka yi masa sannu da aiki. Da wannan ya zauna, sai ta riƙa ba shi kwanon tun daga bakin masallaci, daga baya tun daga inji. Amfanin wannan dabara shi ne kullum da nasara yake ƙarewa, sai ya so ya sake.

Na huɗu, ta riƙa janye hannunta sannu-sannu. Ta daina shiga wurin injin, tana tsayawa nesa. Daga baya ta riƙa sa jikanta ya bi shi a baya ba tare da ya sani ba. Ta kuma yi magana da mai injin tun farko, ta ce ya yi masa magana a hankali, kar ya bar yara su tsokane shi.

Kuɗi ne ya fi ɗaukar lokaci. Watanni tana ba shi daidai kuɗin niƙa. Sannan ta koya masa gane dala biyar, dala goma da dala ashirin ta girmansu da launinsu, kowace yamma a kan tabarma, kamar wasa. Daga ranar da ta fara zuwa ranar da ta kira mu, damina biyu ta wuce.

Haka za a bi da alwala, wanka, sa tufafi, ɗebo ruwa a famfo, bai wa awaki dusa, ɓarar gyaɗa ko shara. A yi a lokaci ɗaya kullum, a wuri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya kuma gajeru. A nuna da hannu fiye da yadda ake faɗa da baki. Minti 10 kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Tsawa da bulala tsoro kaɗai suke koyarwa, kuma mai tsoro ba ya riƙe darasi.

Mi ya sa murnar ke da muhimmanci?

Yabo yana cikin koyarwar. Idan ya yi daidai, a yaba nan take, kuma a ambaci abin da ya yi: madalla, ka wanke hannu kafin cin tuwo. Da haka yake gane wane aiki ne ya jawo farin cikin, sai ya maimaita.

Murnar tana kuma canza idon mutanen gida da na gari. Wanda aka saba kira gaula ko dolo, idan aka ji uwarsa tana faɗin aikin da ya yi, sai a fara kiransa da sunansa na yanka. Ita kanta uwar tana buƙatar wannan. Shekaru ta yi tana zuwa bukukuwan ɗiyan wasu tana kai gudummawa, ba a taɓa taruwa don nata ba.

Wasu iyaye sun ce mana suna ɓoye ci gaban ne don tsoron kambun baka. To ba dole sai an kira rediyo ba. A ce masha Allah, a dafa abin da yake so, a ɗinka masa riga, a kira kawunsa a faɗa masa a gabansa. Wanda ya iya rubutu, boko ko ajami, ya sami ɗan littafi yana rubuta rana da abin da aka iya. Ranar da gajiya ta zo, aka ga kamar ba a tafiya, sai a buɗe a duba.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Kar a mayar da shi abin kallo, duk baƙon da ya zo a ce zo ka yi a gani, ko a ɗauki bidiyonsa ana yawo da shi a salula ana dariya. Kuma a tuna babba ne. Mai shekara 27 ba a yi masa maganar jarirai. A tambaye shi wace riga yake so, a bar shi ya zauna cikin maza, ya bi sahu a masallaci, ya je gona ko da ɗaukar ruwa ne aikinsa.

Idan aka ga ya koma baya

Ci gaba ba ya tafiya a miƙe. Rasuwa a gida, ƙaura, ko tafiyar wanda ya shaƙu da shi na iya sa ya manta abin da ya iya na ɗan lokaci. Amma idan ya daina abin da ya saba ba tare da dalili ba, ko ya fara faɗa, ko ya ƙi abinci, a fara tunanin ciwo kafin a ce taurin kai ne. Mai ƙarancin magana ba zai ce haƙorina ke ciwo ba, ko kunnena ya toshe, ko ba na gani sosai. Halinsa ne zai canza. A kai shi CSI a duba.

Masu trizomi 21 suna da abubuwan da ya kamata a riƙa dubawa: zuciya, don kusan rabinsu da matsalarta ake haihuwarsu, sai ido, kunne, da ƙullin maƙogwaro mai daidaita aikin jiki, wanda idan ya yi rauni yake kawo kasala da ƙiba. Suna kuma saurin tsufa, mantuwa kan fara musu da wuri bayan shekara 40. A ƙasashen da ake kula da su sosai, yanzu suna kaiwa wajen shekara 60.

Da yawa cikin masu jinkirin fahimta suna da farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan suna samun maganin da ya dace. Sharaɗin shi ne a sha kullum, kar a tsayar don an ga sauƙi. Idan ta tashi, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi a gefensa, kar a sa masa cokali a baki, kar a ɗura masa ruwa. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Idan ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, a garzaya likita.

Kariya, musamman ga ɗiya mace

Wannan magana ce mai nauyi, amma kunya ba za ta hana mu faɗa ba. Jikinsu yana balaga kamar na kowa, kuma miyagu sun san ba za su iya kai ƙara ba. A koya wa ɗiya yadda za ta kula da kanta lokacin al'ada, da irin dabarar da muka faɗa a sama. A koya wa mace da namiji cewa akwai wuraren da ba mai taɓawa, a koya musu cewa a'a da ƙarfi, da mutum biyu ko uku da za su faɗa wa. Idan ta faɗi wani abu, a yarda da ita, a bincika, a kai maganar gaban hukuma.

Aure ba magani ba ne. Wasu masu larura mara tsanani suna aure su zauna lafiya da taimakon dangi. Amma aurar da wadda ba ta san ma'anar aure ba don a rage nauyi, jefa ta cikin wahala ne. Haka ɗaure mutum da mari, kulle shi a ɗaki, ko tura shi bara wani yana karɓe kuɗin.

Bayan raina, wa zai riƙe shi?

Wannan ce tambayar da ke hana iyaye barci, kuma ita ce dalilin duk koyarwar. Duk abin da ya iya yi wa kansa yau, nauyi ne da aka sauke wa wanda zai riƙe shi gobe. Matar wa za ta fi karɓar ƙanen miji mai iya wanka da kiwon awaki da fuska sake.

A yi taron dangi tun iyaye suna da ƙarfi, a gaban liman ko mai gari, a faɗi wanda zai zama waliyyinsa, da wanda zai maye idan shi ma ba ya nan. A fara saba masa da gidan tun yanzu, yana kwana ɗaya, yana kwana biyu, don kar rashin uwa da baƙon wuri su haɗu masa rana ɗaya. A Musulunci rabonsa na gado cikakke ne kamar na sauran, waliyyi riƙo kawai yake yi masa, yana ciyar da shi yana tufatar da shi daga ciki. A sa masa tunkiya ko akuya da sunansa, kowa ya sani tasa ce.

A nema masa takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Wanda ba a yi wa takarda lokacin haihuwa ba, a tambaya a ofishin magajin gari yadda ake samun ta kotu. Ba takarda, ba ya shiga lissafin kowane taimako. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma tun 1993 akwai dokar da ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a manyan ma'aikatu. Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, tana nan, a nemi wakilanta na jiha. Ranar 31 ga Yuli ta naƙasassu ce a Nijar, 3 ga Disamba ta duniya, 21 ga Maris kuma ta masu trizomi 21. Ranakun na ɗiyanku ne su ma, ku fito da su.

Saƙo ga ƴan uwa na bida

Ku da ke Kano, Legas, Abijan, Kumasi, Libiya ko Aljeriya, kuɗin da kuke aikowa yana aiki, Allah ya saka. Amma ku ware na magani daban, musamman na farfaɗiya, ya zo kan lokaci kowane wata ko da jika biyu ne, ya fi jika ashirin da za ta zo bayan maganin ya yanke. Idan kun kira, ku ce a ba shi salular. Ku tambaye shi akuyarsa, ku yi masa barka da abin da ya koya. Kar ku zo da salla ku yi kwana biyar kuna ganin laifin yadda ake riƙonsa. Ku karɓi riƙon na kwana biyu, tsohuwa ta je ta gaida danginta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma iyaye maza ma maganar ta shafe ku: wankan babban ɗa namiji da askinsa da kai shi masallaci, aikinku ne.

Kafin mu ajiye waya, mun tambayi dattijuwar mi za ta koya masa nan gaba. Ta ce kunna rediyo da nemo tasha, don kullum sai ya tashe ta ta nemo masa filin gaishe-gaishe. Ta ce wataƙila ya iya kafin kaka.

Filinmu a buɗe yake. Duk mai irin wannan barka, ko ta sa takalmi ce, ko ta kalma ɗaya da aka faɗa karon farko, ya kira mu, za mu yi ta kamar yadda muke yin ta aure da suna. Allah ya ba iyaye haƙuri da lada, ya raya mana zuriya. Amin.